Hukuncin Satar Amsa a Manyan Jami'o'i: Nawa Dakatarwar Shekara Guda Take Ci a Gidan Talaka?

Ana tsakiyar yankan gero wani yaro daga ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim ya dawo gida da jakarsa, alhali kowa ya san ba hutu aka yi ba. Kafin mako ya zagayo magana ta fito: an kama shi da 'yar takarda a ɗakin jarrabawa, kwamitin ladabtarwa ya zauna, jami'ar ta dakatar da shi na shekara guda. Shi ne na farko a gidansu da ya taɓa wuce sakandare, kuma sai da mahaifinsa ya jinginar da gona, mahaifiyarsa ta kai tumaki biyu kasuwar Gujungu, sannan aka haɗa kuɗin rajistarsa. A majalisar da muke zama bayan sallar isha'i sai aka rabu biyu. Wani tsohon hedimasta ya ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ya ƙara da cewa an kama yaron ne tare da ɗan wani babban mutum na birni, kuma hukunci iri ɗaya aka yi musu, don haka babu wanda aka zalunta. Liman, wanda tun farko bai ce uffan ba, sai ya dube shi ya ce: "Malam, shi wancan ɗin me zai rasa a cikin shekarar nan, namu kuma me zai rasa?"

Wannan tambaya ita ce ake ta muhawara a kanta a manyan jami'o'in duniya, musamman na Amurka da Ingila, inda tazarar da ke tsakanin ɗan attajiri da ɗan talaka a aji ɗaya take da faɗi ƙwarai. Ya dace mu dubi yadda abin yake a can, domin yaranmu na Kano da Jigawa suna zuwa karatu waje da tallafin gwamnati, kuma domin tsarin ladabtarwar jami'o'inmu daga can aka kwaso shi.

Kafin komai, satar amsa laifi ce, kuma talauci ba ya wanke ta. Hadisin nan sananne ne, wanda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Takardar digiri shaida ce da jami'a take bayarwa cewa wannan mutum ya san abu kaza, kuma wanda ya same ta ta hanyar maguɗi ya sa busasshen hatsi ne a sama ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa. Wanda kuma maguɗin ya fi cutarwa shi ne ɗan talakan da ya yi karatunsa tsakani da Allah, domin ba shi da wani jari sai darajar wannan takarda. Ɗan masu hali ko da takardar ta zama ta banza, yana da kawun da zai buga masa waya. Saboda haka ban ga wata hujja ta cewa a kau da kai idan mai laifin matalauci ne ba. Abin da nake tuhuma shi ne zaton cewa da zarar sunan hukunci ya zama ɗaya, to nauyinsa ma ɗaya ne.

A 2017 masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa sun fitar da wani bincike da ya nuna cewa a jami'o'i da kwalejoji 38 na Amurka, ɗaliban da suka fito daga kashi 1 cikin 100 na gidajen da suka fi kowa samu sun fi yawan waɗanda suka fito daga kashi 60 cikin 100 na ƙasa gaba ɗayansu. Waɗannan makarantu suna ba ɗan talakan da suka ɗauka tallafi mai tsoka. Jami'ar Harvard, alal misali, ta sanar a 2025 cewa wanda iyayensa ba sa samun abin da ya wuce dala 100,000 a shekara ba zai biya komai ba, har da ɗakin kwana da abinci da inshorar lafiya. Wannan alheri ne, amma yana da wani gefe da ba a cika lura da shi ba. Ga irin wannan ɗalibi, jami'ar ita ce makaranta, ita ce gida, ita ce tukunya, ita ce asibiti, sau da yawa ma ita ce wurin ɗan aikin da yake samun abin aikawa gida. Ranar da aka ce ya fita, duk waɗannan tare suke fita daga hannunsa.

Abin da ya faru a Harvard a 2012 ya isa misali. A wani darasi kan majalisar dokokin Amurka, mai ɗalibai 279, an ba da jarrabawar ƙarshe a tafi da ita ɗaki, an yarda a duba littafi da intanet, amma an hana tattaunawa da kowa. Da aka ga amsoshi sun yi kama da juna, sai aka binciki kusan ɗalibai 125, kuma a farkon 2013 jami'ar ta bayyana cewa an umarci fiye da rabinsu su bar makaranta na wani lokaci. A ƙa'idar jami'ar a lokacin, wanda aka yi wa irin wannan hukunci sai ya yi aikin albashi na cikakken lokaci na aƙalla wata shida a jere, ba kuma a hannun danginsa ba, kafin ya nemi a dawo da shi. A takarda sharaɗin ya hau kan kowa. A zahiri kuwa, wanda ubansa yake da abokai masu kamfanoni zai koma ɗakinsa na gida, ya sami gurbi a wani ofis, ya dawo bayan shekara da abin da zai ƙara a takardar neman aiki. Wanda uwarsa take haya a ɗaki biyu da ƙannensa huɗu zai koma ya zama ƙarin baki a kan tukunyar da dama ba ta isa. Idan ya ci bashin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka, wata shida bayan barinsa aji lokacin fara biya yake yi. Idan kuma baƙo ne da ya shiga da bizar ɗalibi, dakatarwar tana rushe izinin zamansa, sai ya nemi kuɗin jirgi ya bar ƙasar, ba tare da tabbacin za a sake ba shi biza ba. Ɗalibin da gwamnatin jiha ta tura, ko wata gidauniya ta ɗauki nauyinsa na shekaru ƙidayayyu, yana iya dawowa ya tarar an rufe littafinsa. Kwamitin da ya yanke hukunci shekara guda ya rubuta, amma ga wannan yaro abin da aka yanke kora ce ta har abada, sai dai ba a kira ta da sunanta ba.

Tun kafin a kai ga hukunci ma akwai tambayar wa ake kamawa. Maguɗi hawa-hawa ne, kuma mai tsadarsa ya fi wuyar ganewa. Mai kuɗi yana iya ɗaukar malami na musamman wanda zai "gyara" masa rubutu har ya zama ba nasa ba, ko ya sayi sabuwar maƙala daga kamfanonin da suke sana'ar rubuta wa ɗalibai aiki, waɗanda da yawa daga cikin marubutansu matasa ne masu digiri a Kenya da suka rasa aikin yi. Sana'ar ta yi ƙamari har Ingila ta haramta ta da doka a 2022. Rubutun da aka saya sabo fil ba ya nan a ko'ina, don haka manhajar Turnitin da take kwatanta aikin ɗalibi da abin da aka taɓa wallafawa ba ta da abin da za ta kama. Wanda ba shi da ko sisi, wanda ya taso daga wankin kwanuka a ɗakin cin abinci da tsakar dare alhali da safe za a karɓi aiki, shi ne zai kwafo sakin layi biyu daga intanet, kuma shi ne na'ura za ta nuna da jan launi. Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan. Kowa ya san cibiyoyin jarrabawar da ake biyan kuɗi mai yawa a rubuta wa yara amsa a allo lokacin WAEC da NECO, kuma kowa ya san ba 'ya'yan masu noman gero ne suke cika su ba. Yaron ƙauye da 'yar takardarsa a cikin safa shi ne mafi arhar mai laifi, shi ne kuma mafi sauƙin kamu.

Badaƙalar da ta fashe a Amurka a watan Maris na 2019 ta nuna iyakar inda abin yake kaiwa. An tuhumi mutum 50 a kan wani shiri da wani mai suna Rick Singer ya jagoranta na shigar da 'ya'yan attajirai manyan jami'o'i ta hanyar gyara sakamakon jarrabawa da sayen masu horar da 'yan wasa don su gabatar da yaran a matsayin 'yan wasa. 'Yar fim Felicity Huffman ta biya dala 15,000 aka gyara amsoshin 'yarta, aka yanke mata kwana 14 a gidan yari. Mutane da yawa a lokacin sun tuna da Kelley Williams-Bolar, wata baƙar fata mai ƙaramin ƙarfi a jihar Ohio, wadda a 2011 aka yanke wa kwana 10 saboda ta yi amfani da adireshin mahaifinta don 'ya'yanta su shiga makarantar gwamnati mafi inganci. Kotunan daban ne, laifukan ma ba iri ɗaya ba ne, amma kusancin lambobin biyu ya sa jama'a suka yi ta tambayar da limaminmu ya yi.

Akwai kuma wanda ya faɗa rami ba tare da ya san rami ne ba, kuma wannan ya fi damuna a matsayina na wanda ya daɗe yana riƙe alli. Satar rubutu, wato ɗauko kalmomin wani ko tunaninsa ba tare da an faɗi mai su ba, babban laifi ne a jami'o'in nan, wani lokaci ya fi leƙen takardar maƙwabci. To amma me muke koya wa yaro a sakandaren ƙauye? Malami ya cika allo da rubutu, yara sittin ko tamanin su kwafa, ranar jarrabawa wanda ya dawo da kalmomin malam yadda suke shi ne gwani, wanda ya faɗa da bakinsa kuwa sai a rage masa maki. Shekara goma sha biyu muna saka masa a kan abin da ranar farko a babbar jami'a za a kira sata. Abin mamaki shi ne ba daga al'adarmu wannan ta samo asali ba, domin a makarantar zaure almajiri ba ya kawo magana sai ya ce Malam wane ya faɗa a littafi kaza, kuma ilimin hadisi gaba ɗayansa a kan jingina magana ga mai ita aka gina shi. Bokon da muka gada ne ya zo mana babu wannan ladabi. Masanin zamantakewa Anthony Abraham Jack, wanda ya yi nazarin talakawan ɗalibai a wata babbar jami'ar Amurka, ya raba su gida biyu: waɗanda suka sami tallafi suka yi sakandare ta 'ya'yan manya, suka koyi yadda ake shiga ofishin malami a nemi taimako ko ƙarin lokaci, da waɗanda suka zo kai tsaye daga makarantun unguwa, suna ganin zuwa wurin malami kamar roƙo ne ko rashin kunya. Na farkon idan aiki ya sha kansa wasiƙa yake rubutawa a ɗaga masa kwana uku. Na biyun shiru yake yi har dare ya ƙure masa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: jami'ar da ta ɗauko yaro daga irin wannan makaranta, ta yi ta tallata hotonsa a matsayin shaidar adalcinta, amma ba ta zaunar da shi ta koya masa ƙa'idar da za ta hukunta shi a kanta ba, tana da nata kason.

Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara dagula lissafin, domin yanzu na'ura ce take zama mai shaida. A 2023 wasu masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada manhajoji bakwai da ake cewa suna gane rubutun na'ura, suka ba su maƙaloli 91 da mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta a jarrabawar TOEFL. A matsakaici manhajojin sun ce kusan kashi 61 cikin 100 na maƙalolin na'ura ce ta rubuta su, alhali rubutun yaran Amurka kusan duka sun gane na mutum ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ya koyi Turanci a aji yana amfani da kalmomi kaɗan da jimloli masu bin ƙa'ida, abin da na'urar take ɗauka alamar 'yar'uwarta. A shekarar ce kamfanin OpenAI ya janye tasa manhajar ganowar saboda yawan kuskurenta, jami'ar Vanderbilt kuma ta kashe ta Turnitin. Kafin nan, a 2021, makarantar koyon likitanci ta Dartmouth ta tuhumi ɗalibai 17 bisa bayanan da manhajar karatu ta Canvas ta tara, daga baya ta janye tuhumar duka ta nemi afuwa, bayan an nuna cewa manhajar tana iya sabunta shafi da kanta ko da ba a taɓa ta ba. A Birtaniya kuwa, bayan wani rahoton BBC na 2014 kan maguɗi a jarrabawar Turanci ta TOEIC, gwamnati ta soke bizar dubban ɗalibai baƙi bisa hujjar manhajar tantance murya, kuma da yawa sun shafe shekaru a kotu kafin su wanke kansu. Waɗanda suka kai kotun su ne masu abin biyan lauya.

Nan ne maganar zaman kwamiti take shigowa. Ɗan babban gida yana zuwa ne bayan lauya ya karanta masa dokokin jami'ar layi-layi, ya nuna masa abin da zai faɗa da abin da zai yi shiru a kai, kuma hukumar makaranta ta san cewa idan ta yi kuskure za ta gamu da shi a kotu. Yaronmu yana shiga shi kaɗai, sau da yawa bai ma gaya wa iyayensa ba saboda kunya. An yi masa tarbiyyar cewa ba a haɗa ido da babba, ba a musu da malami, kuma idan manya suka taru a kanka abin da ya dace shi ne ka sunkuyar da kai ka ce a yi haƙuri. Wannan ladabi, a idon wanda bai san shi ba, kama yake da amsa laifi. Dokar ƙasarmu ta ba shi kariya. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da haƙƙin a saurari mutum kafin a hukunta shi, kuma tun a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗalibai a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri saboda ba a bi wannan ƙa'ida ba. Sai dai haƙƙin da sai an yi shekaru ana zirga-zirgar kotu kafin a same shi, wanda ya jinginar da gona bai san da zamansa ba.

Hujjar tsohon hedimasta tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Idan aka fara cewa ga dokar talaka ga ta mai kuɗi, to an buɗe ƙofar da ba a san inda za ta kai ba. Kowa zai zama matalauci a gaban kwamiti, a sami sabuwar kasuwar takardun shaidar talauci, sannan a riƙa kallon digirin duk wanda ya yi karatu da tallafi da ɗan shakku. Ana kuma kawo hadisin matar nan Bamakzumiya da ta yi sata, inda Manzon Allah (SAW) ya ƙi roƙon da Usama bin Zaid ya yi na a ƙyale ta, ya ce abin da ya halaka mutanen farko shi ne idan mai daraja ya yi sata su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Amma wanda ya lura zai ga gargaɗin hadisin a kan sassauta wa mai ƙarfi yake, kuma abin da na bayyana a sama, inda mai hali yake tsallake kamu, ya tsallake kwamiti, hukuncin ma ya zame masa hutu, shi ne ainihin wannan cuta cikin sabuwar riga.

A ganina kuskuren yana wajen haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Tabbatar da ko mutum ya yi laifi bai kamata ya san aljihun kowa ba, haka nan sakamakon da ya shafi karatun kansa: wanda ya yi maguɗi ya faɗi darasin, ya sake shi, a rubuta a fayil ɗinsa, ko ɗan wane ne. Auna abin da hukuncin zai ci a rayuwar mutum kuwa wani aiki ne daban, kuma shari'armu ta daɗe da saninsa. Kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ce ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Laifin ɗaya ne, amma ba a ce marar hali ya sayar da gidansa ba. A Muwaɗɗa Malik ya kawo labarin bayin Haɗib da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka, Sayyidina Umar ya fasa yanke musu hannu da ya fahimci ubangidansu yana barin su da yunwa, ya ci shi tarar dirhami 800, ninkin kuɗin taguwar. Ban ce matsin jarrabawa daidai yake da yunwa ba, amma darasin cewa alƙali yana duban wanda ya haifar da halin da aka yi laifi a cikinsa yana nan. A Finlan ma tarar wasu laifukan hanya gwargwadon samun mutum ake yanka ta, shi ya sa a 2002 aka ci wani babban jami'in kamfanin Nokia tarar yuro 116,000 saboda gudu da babur, ko da yake kotu ta rage daga baya. Manufarsu ita ce zafin ya zo daidai, ko da lambar ta bambanta.

A jami'a wannan ba ya buƙatar sabuwar doka ta talakawa. Abin da yake buƙata shi ne a daina barin hukunci ya jawo wasu hukunce-hukuncen da babu wanda ya yanke su: a ajiye wa wanda aka dakatar tallafinsa har ya dawo, kwamiti ya tambayi inda zai kwana da abin da zai faru da bizarsa kafin ya sa hannu, a ba kowane wanda ake tuhuma mai ba shi shawara kyauta wanda ya san dokokin gidan, kada kuma a kama mutum da shaidar na'ura ita kaɗai. A laifin farko da bai kai sayen jarrabawa ko shigar wa wani ba, faɗuwa da sake darasi da tilasta koyon ƙa'idar rubutu sun fi kora gyara mutum. Tsanani shi kaɗai an gwada shi. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa a Najeriya, dokar 1999 ta zo ta rage, maguɗin kuwa bai gushe ba. Jami'ar Virginia, wadda tsarinta na hukunta masu maguɗi ya faro tun 1842 kuma aka san ta da hukunci guda tak, wato kora, ɗalibanta da kansu suka kaɗa ƙuri'a a 2022 suka sauya shi. Idan hukunci ya yi tsauri fiye da kima, malamai da yawa ba sa son kai ƙara, sai a koma sasantawa a bayan fage, kuma kowa ya san ɗan wa ake sasantawa da shi a ofis da ɗan wa ake turawa kwamiti.

Yaron ƙauyenmu bai musa abin da ya yi ba, ni ma da na zauna da shi ban rage masa komai ba. Yanzu yana Kano yana tura baro a kasuwar Dawanau, yana aiko da abin da ya samu don a fanshi gonar kafin damina. Takardar da jami'ar ta ba shi ta ce yana iya komawa a zangon karatu mai zuwa idan ya biya kuɗin rajista. Mahaifinsa ya ce mini sai an ga yadda farashin riɗi zai kasance a bana.